Babi na Shida: Wane Launi Za a Shafa wa Ƙofar Gida?

Wane launi za a shafa wa ƙofar? Tambayar takan zo ne a ƙarshen gini, lokacin da kuɗi suka ja baya, haƙuri ma ya kusa ƙarewa. An yi rufi, an gama filasta, mai walda ya kafa ƙyaure, ga mai fenti tsaye da buroshinsa yana jiran umarni. Maigida ya ce a yi baƙi, domin irinsa ya gani a manyan gidajen Abuja. Uwargida ta fi son ruwan toka. Mai fenti ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Alhaji, ai ruwan ƙasa ake yayi yanzu." Kafin ɗan aike ya ɗaure takalminsa an riga an yanke shawara a kan abin da mutanen gidan za su yi shekaru suna kallo safe da yamma.

Shawarar ta cancanci a zauna mata fiye da haka. A unguwanni da yawa na Kano, Kaduna, Maraɗi ko Zangon Kumasi, lambar gida ba ita ce ke kai baƙo ba. Kwatance ake yi: "Ka wuce masallaci, ka shiga layi na biyu, gida mai koren get." Da wannan launi ɗan sahu yake gane inda zai tsaya, da shi 'yan kai lefe suke tabbatar ba su ɓata ba. Launin ƙofa ya zama adireshin gida, kuma yakan bi mai gidan har ya zama sunansa a bakin yaran unguwa.

Sai dai kafin a zo kan abin da rai yake so, akwai masu iko uku da suke da ta cewa: rana, ƙura da bangon da ƙofar take jikinsa.

Rana ce ke fara zaɓe

Ƙofar da ta fi kowace ƙofa suna a duniya wataƙila ita ce baƙar ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing da ke Landan, inda Firayim Ministan Birtaniya yake zama. Baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, kuma tun bayan harin da aka kai wa gidan a 1991 aka mayar da ita ta ƙarfe. Hotonta ya sa mutane da dama a faɗin duniya suna ganin baƙar ƙofa ita ce alamar girma. Abin da ba ya fitowa a hoton shi ne yanayin garin. A Landan, ko a tsakiyar lokacin zafinsu, da wuya matsakaicin zafin rana ya wuce digiri 24. A Sakkwato, Maiduguri da Yamai kuwa, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa.

Kowane launi yana da yadda yake hulɗa da hasken rana. Fari yana mayar da mafi yawansa, baƙi yana shanye kusan dukansa ya mai da shi zafi. Masu haɗa fenti suna auna wannan da sikeli daga 0 zuwa 100: baƙin fenti yakan tsaya wajen 5, fari tas yakan kai 85 ko sama. Wasu kamfanoni suna buga wannan lamba a bayan katin launukansu. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofa mai zafi.

Baƙin get na ƙarfe da ya wuni a ranar bazara yana iya kaiwa digiri 70. Ƙarfe mai zafin digiri 60 kawai ya isa ya ƙona tafin hannun ƙaramin yaro cikin 'yan daƙiƙu, kuma yara su ne suka fi kowa taɓa ƙofa, musamman da azahar in an taso daga makaranta. Zafin ba ya tsayawa a waje. Ƙyauren yana fitar da shi zuwa cikin zaure ko soro, har bayan magariba ana jin hucinsa. In ƙofar ta katako ce, launi mai duhu yana gasa fuskar waje alhali ta ciki tana da sanyi, sai katakon ya fara lanƙwashewa, mahaɗansa su buɗe, fentin ya tsage ta wurin.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne ina ƙofar take kallo. Wadda ke kallon yamma ita ta fi shan wahala, domin rana tana dukanta kai tsaye daga azahar zuwa faɗuwa, daidai lokacin da iska ma ta fi zafi. Wadda ke kallon gabas tana samun ranar safe mai sauƙi, amma ita ce ke karɓar ruwan damina, tunda a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa. Maginan da sun san wannan sarai, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Ƙofar kudu tana shan rana a watannin rani, ta arewa kuwa ita ce mai hutu mafi yawan shekara. Wanda ya ƙwallafa rai a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, to ya tabbatar ƙofarsa tana kallon arewa, ko tana ƙarƙashin rumfa mai zurfi, ko akwai dalbejiya da ke yi mata inuwa.

Me ya sa ja yake koɗewa?

Duk wanda ya bi layin da aka gina shekaru kaɗan da suka wuce zai ga get ɗin da aka shafa ja jawur ya koma ruwan hoda mai fari-fari, alhali na maƙwabcinsa mai ruwan ƙasa yana nan kusan yadda yake. Akan ɗora wa mai fenti laifi, wani lokaci da gaskiya. Amma sau da yawa laifin yana cikin garin launin da aka haɗa fentin da shi.

Launukan ƙasa, wato ruwan makuba, ruwan ƙasa, jan bulo da rawaya mai duhu, yawanci ana samo su ne daga sinadarin tsatsar ƙarfe. Shi ne dai abin da ya sa jar ƙasa ta zama ja. Rana ba ta da abin da za ta ƙara yi masa, don haka yana daɗewa. Ja mai ƙyalli, ruwan goro, shunayya da wasu nau'o'in rawaya mai haske kuwa, a fenti mai araha ana yin su ne da garin launi na masana'anta wanda hasken rana yake karya shi sannu a hankali. Shuɗi da kore suna tsakiya, kuma masu kyau daga cikinsu suna jure rana sosai.

Akwai kuma abin da ke faruwa da man fentin kansa. Rana tana cinye fuskar fentin mai, ƙyallin ya tafi, ya bar wani farin gari da ke manne wa hannu ko riga in an jingina. A kan launi mai haske ba a cika lura da shi ba. A kan baƙi da shuɗi mai duhu kuwa, daga nesa ake hango shi.

Wannan ba ya nufin a guji ja gaba ɗaya. Mai son ja ya karkata zuwa jan bulo ko ja mai duhun makuba, ya kuma yarda cewa in ja jawur yake so, zai riƙa sabunta shafi akai-akai.

Ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. Launin wannan ƙura fari-fari ne mai ratsin rawaya. A kan baƙar ƙofa tana fitowa ɓaro-ɓaro, har yara suna rubuta sunayensu da yatsa. Farar ƙofa tana ɓoye ƙurar hazo, amma tana tona duk wani hannu mai maiƙo da ya tura ta, da kuma jan taɓon da ruwan damina ke fallatsa mata a gindi.

Launukan tsakiya su ne suka fi rufa asiri: ruwan toka mai ɗan ɗumi, ruwan zuma, koren ganyen zaitun, shuɗi mai hazo-hazo. Sannan ƙirar ƙofar tana da tasiri. Get mai furanni da lanƙwashe-lanƙwashen walda yana da lunguna da yawa da ƙura za ta kwanta, shi ya sa launi mai duhu a kansa yake zama aikin goge-goge na kullum. Fenti mai sheƙi ya fi sauƙin wankewa da tsumma, amma yana bayyana kowace lotsa da tabon walda. Mai matsakaicin sheƙi ya fi dacewa da ƙyauren da ba a daidaita fuskarsa sosai ba.

Bango da rufi

Ƙofa a jikin gida kamar hula ce a kan mai babbar riga. Ba wanda ke zaɓen hula ita kaɗai a kasuwa ba tare da ya tuna rigar da zai sa ta da ita ba. Yakan nemi wadda zarenta ya ɗauko wani launi daga aikin wuyan rigar, ko wadda ta bambanta da rigar ƙwarai har ta fito. Abin da ba ya kyau shi ne wadda ta kusa zama launin rigar amma ba ta kai ba.

Abubuwan da ba za a iya canzawa da sauƙi ba su ake fara dubawa: kwanon rufi, tayil ko dutsen da aka manna a katanga, firam ɗin tagogi. Gida mai jan kwano da bango ruwan madara yana karɓar ƙofa ruwan makuba ko kore mai duhu. Gida mai shuɗin kwano da farin bango yana son shuɗi ko ruwan toka, kuma ruwan ƙasa yakan yi masa nauyi. Katangar da aka bari da launin siminti tana farfaɗowa in an ba ta ƙofa mai rai, kamar shuɗi ko kore. In bangon ya riga ya cika da ado, gara ƙofar ta yi shiru.

Wannan darasi ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A tsohon birnin Zariya, da cikin ganuwar Kano, da unguwar Birni ta Damagaram, gwanintar magina a fuskar zaure take taruwa. A kewayen ƙofa ake zana dagi da sauran zane-zane masu tudu, a shafe bango da makuba, wani wuri a haska da farar ƙasa, daga baya kuma fentin kanti ya shigo da launuka masu ƙarfi irin waɗanda ake gani a fuskar fadar Zazzau. Sauran katangar gidan takan tsaya da launin ƙasarta. Magini ya fahimci cewa ido yana buƙatar wuri guda da zai sauka, kuma mashiga ce wurin. Ginin zamani da yake raba launuka biyar tsakanin katanga, ginshiƙai, get da ƙaramar ƙofa ya yar da wannan hikima, kuma abin takaici ne, domin ba ta buƙatar ƙarin ko kwabo.

Yana da kyau a ɗaga kai a dubi layin gaba ɗaya. A garin Sidi Bu Sa'id na ƙasar Tunisiya, wata doka ta 1915 ta kare fasalin garin, aka tsaya a kan farin bango da shuɗiyar ƙofa, kuma yau wannan haɗin ne yake jawo masu yawon buɗe ido. Wasu rukunonin gidaje a Abuja ma suna da ƙa'idar launi, ɗan haya kuma sai ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa get. Inda babu doka, hankali ne ke aiki: in gidaje huɗu a jere duk baƙin get ne, na biyar ya rasa kwatance in shi ma ya bi sahu.

Abin da launi ke faɗa wa mai wucewa

Kore yana da farin jini a wajen Musulmi, kuma da yawa suna danganta shi da koriyar ƙubbar Masallacin Annabi (SAW) a Madina, wadda aka shafa mata wannan launi a 1837. Shi ne kuma launin tutar Nijeriya. Shuɗi tsohon ɗan gida ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana fitar da shi daga baba. Fari yana nuna tsabta, baƙi da ruwan gwal suna nuna wadata.

Kasuwa ma ta kama wasu launuka. Rawaya mai haske a Nijeriya tana tuna wa mutane MTN, kore shar yana kai tunani ga Glo, ja jawur ga Airtel. Gidan da ke bakin titi, in ya shafa ɗaya daga cikinsu tsantsa, yana iya samun masu ƙwanƙwasawa suna neman kati. A lokacin zaɓe kuma, haɗa wasu launuka biyu ko uku a get ɗaya yakan sa a yi wa mai gida fassarar da bai nufa ba.

A gwada a jikin ƙofar

Kuskuren da ya fi yawa a shago ake yin sa. Katin launi bai wuce faɗin yatsa biyu ba, ana duba shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ko kuma a fuskar waya, wadda ke ƙara wa kowane launi haske na ƙarya. Launin da aka shimfiɗa a faffaɗan wuri yana fitowa da ƙarfi fiye da yadda yake a kati, rana tsaka kuma tana wanke shi ya yi fari-fari. Ruwan tokan da ya yi kyau a shago sai ya koma kamar ba a shafa komai ba, koren da aka zaci mai sanyi ne sai ya cika ido.

Maganin ba shi da tsada. A sayi ƙananan gwangwanaye biyu ko uku, a samu guntun falanki ko fallen ƙarfe mai faɗin kamu biyu, a yi wa kowanne shafi biyu, a bari ya bushe, sannan a jingina su a jikin ƙofar. A duba da hantsi, a duba da azahar, a duba bayan isha'i a hasken fitilar ƙofar gida. Daga tsallaken titi za a tsaya, domin daga nan baƙo yake ganin gidan. Wannan ne kuma lokacin da ya kamata a ji ra'ayin uwargida da manyan yara, tun ba a sayi galan ba.

Lissafin yawan fentin mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta fentin mai takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum, mai faɗin santimita 90 da tsayin mita 2.1, fuskarta ɗaya ba ta kai murabba'in mita 2 ba, don haka lita ɗaya ta ishe ta ciki da waje, shafi biyu. Babban get na mota yakan cinye galan mai lita 4. In launin haɗawa aka yi a shago, a haɗa isasshe lokaci guda, a kuma rubuta ma'aunin, don haɗi na biyu da wuya ya yi daidai da na farko.

Abin da ke cikin gwangwanin

A nan maganar ta wuce ado. Shekaru da yawa masana'antu sun riƙa amfani da sinadaran dalma wajen fitar da rawaya, ruwan goro, ja da wasu koraye masu haske a fentin mai, haka kuma a wasu fentocin hana tsatsa. Dalma guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba shi da illa. Mutanen Arewa sun ga munin wannan guba a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. A can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin fenti.

Amurka ta haramta fentin gida mai dalma tun 1978. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Gwaje-gwajen da aka yi a kasuwannin Afirka, har da Nijeriya, sun sha gano fentocin mai da suka zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma masu launin rawaya da ja ne suka fi yawa a cikinsu.

Ƙofa wuri ne da ake buɗewa a rufe sau da dama a rana, fentinta yana gogewa ya zama gari, ya sauka a dokin ƙofa inda masu rarrafe suke wasa suna kai hannu baki. Don haka mai sayen fenti ya karanta jikin gwangwani, ya nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, ya guji wanda ake aunawa a robar da ba suna ba adireshi, komai arharsa. In tsohuwar ƙofa za a kankare, a jiƙa sanfefa da ruwa don kada gari ya tashi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a nisantar da yara da masu juna biyu, a kwashe ɓawon a zubar nesa da inda kaji da awaki ke kiwo.

Ranar shafi

Launi mai kyau ba ya zama a kan tsatsa. Ƙofar ƙarfe tana buƙatar a kankare ta, a goge maiƙo da baƙin walda, a fara shafa jan fentin hana tsatsa, sannan launin da aka zaɓa ya hau sau biyu, da tazarar kwana guda a tsakani. Ta katako kuma a shafe har samanta da ƙasanta, inda ido ba ya gani, don ta nan danshin damina yake shiga ta kumbura. A tsinka fenti da tina daidai yadda aka rubuta a gwangwani. Fetur da wasu ke zubawa don fentin ya yi auki yana kashe sheƙi, yana rage masa kwana.

Lokaci mafi dacewa shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko. A fara da sassafe, ƙarfen yana da sanyi, domin fentin da aka shafa a ƙarfe mai zafi yana bushewa ta sama kafin ya kama ta ƙasa, daga baya ya yi ƙuraje ya ɓare.

Da zarar an tura wannan ƙofa an shiga, lissafin ya canza. A ciki babu ranar da za ta koɗar da launi, matsalar ita ce ƙarancin haske, musamman a zaure da falon baƙi masu ƙananan tagogi. Babi na bakwai zai duba launukan da ke haska irin waɗannan ɗakuna, da bambancin fentin ruwa da na mai a bangon ciki.